Ƙirar gida, ɗan kwantena ko tsohon na hannu: wanne ya cancanci kuɗinka?

Duk inda aka taso da maganar cewa kayan yanzu basa ƙarko, nan take zaka ga mutane sun rabu gida biyu. Wasu suce ai tun ranar da masana'antun gida suka mutu aka koma jiran kwantena shikenan aka shiga uku, ka sayi abu yau kafin wata ya zagayo ya zama shara. Ɗaya ɓangaren kuma suce dan Allah ku ƙyale mu, na gidan da kuke ta kurantawa ga tsada ga rashin finishin, kuma zamanin da kuke kewa ɗin mutum nawa ne ke iya sayen firji ko talabijin? Kowa da gaskiyarsa. Saidai wanda ke tsaye gaban mai kaya da kuɗinsa a hannu wannan musun ba abinda zai ƙara masa, shi so yake a ce masa ɗauki wannan ka bar wancan.

Ni a ganina tun wajen rabon aka samu matsala, don ba kaya iri biyu bane a gabanka. Akwai wanda aka ƙera a ƙasarku, ko a masana'anta ko a hannun mai sana'a. Akwai na waje mai suna, wanda kamfaninsa ke da wakili da adireshi da garanti. Akwai na waje marar uba, wanda sunan da ke jikin kwalinsa bana daban baɗi daban, kuma shine ya cika kasuwa ya jawo wa sauran zagi. Sai kuma tsohon kaya na hannu, wanda aka ƙera tun lokacin da ake zuba ƙarfe ba a jin ciwo. A cikinsu babu wanda ya cinye ko'ina, kowanne akwai inda yake kada sauran akwai kuma inda zai baka kunya, kuma sunan ƙasar da aka buga a jiki shine abu na ƙarshe da zan duba.

Mutuwar masana'antun nan ba ƙasa ɗaya ta shafa ba, harda manyan da ake ganin sun gagara. A 1956 wani Ba'amurke mai motocin dako, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston, toh daga nan lissafi ya fara canzawa. Kafin nan buhu-buhu akwati-akwati 'yan dako ke lodi, jirgi ya shafe kwanaki a tasha yana jira, kuɗin dako kaɗai ya isa ya kare masana'antar gida daga mai kawo kaya daga nesa. Da kwantena ta kankama sai nisa ya daina hana komai. Caina ta buɗe yankin Shenzhen ga masu zuba jari a 1980, ta shiga ƙungiyar kasuwanci ta duniya WTO a Disambar 2001, sannan a farkon 2005 aka cire ƙa'idar da tun 1974 take iyakance yawan yadi da tufafin da kowace ƙasa mai tasowa zata iya kaiwa Turai da Amurka, sai kamfanonin ɗinki na ƙananan ƙasashe irin Lesotho da suka samu kasuwa albarkacin waccan ƙa'ida suka wayi gari ana rufe su ɗaya bayan ɗaya. Amurka kanta a 1979 mutum wajen miliyan 19 da rabi ke aiki a masana'antu, a 2000 sun koma wajen miliyan 17, zuwa 2010 basu kai miliyan 12 ba, duk da dai injina ma sun cinye nasu rabon na ayyukan ba shigo da kaya kaɗai ba. Yau kusan kashi 30 cikin 100 na abinda ake ƙerawa a duniya daga Caina yake fitowa.

Kuma in masana'anta ta mutu ba albashi kaɗai ke tafiya ba. Wanda ya iya saita injin ya tsufa ba magaji, mai yi musu ƙananan kayan gyara ya rufe, sannan shi kansa mai saye ya rasa ma'auni. Yaron da bai taɓa riƙe kwaɗon ƙofa mai nauyi na gaske ba ta ina zai gane wanda aka miƙo masa fanko ne? A 2020 lokacin korona ƙasashe masu kuɗi sun ɗanɗana, da aka nemi takunkumin fuska, ɗan abu ƙarami, sai gasu suna rige-rigen saye daga waje don a gida ba inda ake yinsa da yawa.

Amma fa kar kewa ta ruɗe mu. Ƙirar gida ba kullum take zuwa da ƙarko ba, musamman in gwamnati ta rufe ƙofa ta bar kamfani shi kaɗai a fili ba mai ja dashi. Motocin British Leyland na Ingila a shekarun 1970 sun yi ƙaurin suna wajen tsatsa da lalacewa da yajin aiki, gwamnati ta karɓe kamfanin a 1975, ragowarsa MG Rover ya durƙushe a 2005, yanzu sunan MG ɗin ma a hannun kamfanin SAIC na Caina yake. A Indiya motar Ambassador an yi ta ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1950 har 2014 kusan da siffa ɗaya, don an daɗe mai saye bashi da wani zaɓi na kirki. A Jamus ta Gabas mutum zai rubuta sunansa ya jira motar Trabant sama da shekara 10. Wannan mugun halin na rage wa kaya kwana da gangan shima ba kwantena ce ta kawo shi ba, tun 1924 manyan kamfanonin ƙwan fitila irinsu Osram da Philips suka haɗa baki a Suwizalan cewa kar ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har tara suke cin wanda nasa ya daɗe. Tsohon firjin nan da ake nuna maka ana cewa kaga na da, shekara 40 yana aiki, ai wanda ya rayu ne kake gani, 'yan uwansa da suka mutu tun tuni ba wanda ya ajiye su balle ya nuna maka.

Sunan ƙasa shima juyawa yake. A baje kolin Philadelphia na 1876 wani farfesa Bajamushe, Franz Reuleaux, da kansa yace kayan ƙasarsu ga araha ga rashin kyau, a 1887 kuma Ingila ta yi dokar buga sunan ƙasa a jikin kayan waje don dai mutanenta su gane na Jamus su guje shi, kafin wani lokaci tambarin ya koma abin da ake nema da kuɗi. Japan bayan yaƙin duniya na biyu da kayan wasan yara na gwangwani aka santa, sai da suka zauna suka koyi kula da inganci, harda gayyato Ba'amurke Edwards Deming a 1950 ya koyar da shugabannin kamfanoninsu. Hyundai mai ƙera motoci ta Koriya ta Kudu ta shiga kasuwar Amurka a 1986 ana mata dariya, a ƙarshen shekarun 1990 ta fito da garantin shekara 10 kan inji don ta wanke sunanta. Saboda haka wanda yace maka "ai ɗan Caina ne" ya ɗauka ya gama magana, wallahi bai faɗa maka komai ba. Mafi yawan iPhone ɗin da ake rububi a can aka haɗa su, ƙasa ɗaya da cajar da ke narkewa a soket.

Bambancin yana wajen wanda ya bada oda. Masana'anta abinda ka biya shi take maka, iya kuɗinka iya shagalinka. Ɗan kasuwa zai je da samfur yace ina son irin wannan sak amma a rabin kuɗi, mai masana'anta ba zai ce a'a ba, zama zai yi ya cire rabin abun ta inda ido baya kaiwa. Ɗauki wayar wuta ta wayarin gida. An rubuta 2.5 a jikinta, wato kaurin silin ciki, ka yanka ka auna silin ciki kaga bai kai ba an ƙara kaurin robar ne don ta cika hannu, an rubuta mita 100 ka warware kaga bata cika ba. Mafi muni wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, a ido ja jawur kamar ta gaske, amma ka ɗan kankare da reza sai farin ya leƙo, ka kara mata wutar laita sai silin ya lanƙwashe ya zube maimakon ya yi ja ya tsaya. Alminiyam wajen kashi 60 cikin 100 na abinda jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke wucewa dashi yake iya wucewa, da an ɗora mata lodi sai ta ɗau zafi, kuma a cikin bango take inda ba mai gani. Haka ake yi wa koyil ɗin fanka da injin ruwa, haka ake cika robar bokiti da garin alli ta yi nauyi a hannu amma tana faɗuwa ta tsage, haka ake sirantar da kwanon rufi. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, in ɓera da sata daddawa ma da wari, mu masu saye da an faɗi kuɗin mai kyau sai mu juya mu shiga shago na gaba, ɗan kasuwan da ya kawo na ƙwarai ya zauna kayansa na cin ƙura sau ɗaya ba zai sake ba.

Toh yanzu zaɓi. Fara da kayan da in sun gaza rai ake rasawa: wayar wuta, soket, caja, tukunyar gas da tiyonta, taya, birki, magani, kayan wasan da yaro zai kai baki. A nan ajiye kishin ƙasa gefe, ajiye son araha gefe, tambaya ɗaya ce, wa za a kama in abun ya yi ɓarna? Marar uba ya faɗi tun ba a fara ba. Tsakanin na gida mai rajista da na waje mai suna kuwa, in ƙasarku na da masana'antar waya ta gaske wadda hukumar kula da inganci ke shiga tana dubawa ni ita zan ɗauka, don tana da ginin da za a iya rufewa da sunan da take tsoron ya ɓaci. Ga kuma lissafi mai sauƙi, jan ƙarfe kuɗinsa kusan ɗaya ne a duk duniya, da farashin kasuwar ƙarafa ta Landan ake kwatance, ba wata ƙasa da ake raba shi kyauta, to wayar da ta tsallako teku aka biya mata dako da kuɗin fito kuma ta zo a rabin kuɗin ta gida me kake tsammanin yana cikinta?

Magani ya fi ban tsoro. A 2022 yara wajen 70 suka mutu a Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta alaƙanta abun da wasu magungunan tari na ruwa da aka shigo dasu daga Indiya masu ɗauke da sinadari mai kashe ƙoda, kuma tun 2017 hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ko jabu ne ko bai cika inganci ba. Amma Indiyar nan dai ita ke yi wa duniya kaso mai tsoka na magunguna masu sauƙin kuɗi, har asibitocin Turai da Amurka dasu suke aiki. Kenan hanyar da maganin ya bi ya iso hannunka ita ce abin bincike, ta ƙofa ya shigo da lambar rajista ko ta fasa-ƙwauri. Taya kuma duba gefenta, bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, 2319 na nufin sati na 23 na shekarar 2019, roba tana tsufa ko ba a hau ta ba, kar ƙyallin baƙin da aka shafa mata ya ɗauke maka hankali.

Kar kuma ka miƙa wuya don kaga tambura a jikin kwali. Alamar CE a mafi yawan kaya mai ƙerawa ne da kansa ke cewa na cika ƙa'idar Turai, ISO 9001 kuma tsarin tafiyar da kamfani take shaida ba abun da ke hannunka ba, balle marar uba wanda duk abinda aka ce ya buga zai buga. Ƙungiyar OECD ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki ta ƙiyasta cinikin jabun kaya tsakanin ƙasashe a 2016 ya kai dala biliyan 509, wato kashi 3.3 cikin 100 na kasuwancin duniya, don haka mai suna ma sai ya fito daga hannun wakilin gaske yake zama mai suna. Su manyan ma suna tafka tasu, Mattel ta janye tarin kayan wasan yara a 2007 saboda fenti mai dalma, jakar iskar kare mutum a hatsarin mota ta kamfanin Takata ta sa an kira miliyoyin motoci gyara, Samsung ta janye wayar Galaxy Note 7 a 2016 saboda batirin na kama wuta. Saidai kaga su an san inda suke an sa su sun biya. Marar uba sunan kwali kawai zai canza ya dawo da kayan nan dai.

Inda ƙirar gida ke cin kasuwa ba gardama shine kaya masu nauyi ko cin wuri waɗanda yinsu ba wani sirri bane, gado, kujera, kabad, ƙofa, taga, tankin ruwa, katifa, fenti, kayan walda gaba ɗaya. Mai shigo da kabad kuɗin wuri yake biya a kwantena, dole ya nemi wanda za a kwance a shimfiɗe cikin kwali kuma marar nauyi, shi yasa yawancinsu garin katako ne aka matse da gam aka manna masa leda mai zanen itace. Ranar farko kyau kamar ka sure ka gudu. Bari ruwan goge ɗaki ya taɓa ƙafarsa sau biyu kaga ya kumbura ledar na ɗagowa, ko ka tashi daga gida ka kwance shi, wajen mayarwa ramin sukurun ya zama gari ba abinda zai riƙe. Na kafinta da katakon gaske ƙila layinsa bai miƙe kamar na inji ba, amma in ƙafa ta karye a sake ƙafa, in fenti ya dushe a goge a sake shafawa, kuma da awon ɗakinka aka yi shi.

Raunin na gida a nan shima kar a ɓoye shi, rashin tabbas ne. Ka bada aikin kujeru shida su zo kowacce da tsayinta. A yi maka ƙofa da ɗanyen katako, bayan 'yan watanni ta murɗe ta ƙi rufuwa. Ɗan walda ya sa bututu siriri ya lulluɓe da fenti, wato dai ha'incin nan ne da ake zagin na waje dashi, ga kuma zo gobe zo jibi. Hoto a waya ba zai cece ka ba malam, ce masa ya kai ka kaga aikin da ya yi shekarun baya wanda har yanzu ake amfani dashi, ku rubuta irin katako da kaurin ƙarfe a takarda tun baka bada kafin alƙalami ba, kuma ka je kaga aikin tsirara kafin a shafa fenti ko a ja yadi a kai.

Da an zo kan wayar hannu, kwamfuta, talabijin, farantin sola, batir, labari ya juye gaba ɗaya, a nan na waje ne kawai kuma ba abin kunya bane don babu ƙasar da ke ƙera waya ita kaɗai daga farko har ƙarshe. Ƙwaƙwalwar manyan wayoyi yawanci kamfanin TSMC na Taiwan ke bugawa, da injinan da kamfani ɗaya tak a Holan, ASML, ke iya ƙerawa. Farantin sola sama da kashi 80 cikin 100 na aikinsa a Caina ake yi, kuma wannan yawan na cikin abinda ya sa kuɗinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Wanda zai ce zamanin baya yafi a wannan fannin son musu kawai yake. In kaga an rubuta ƙirar gida a jikin waya ko talabijin, galibi an kawo shi ne a warwatse cikin kwali aka ɗaure sukuru aka manna tambari. Ba laifi bane, yana ma da amfani babba in har suna da wurin gyara da safaya a kusa, amma kar ka biya ƙari kana zaton wani abu daban ne a ciki. Ko Turai ana wannan wasan, cikin sharuɗɗan ɗaukar tambarin agogon Suwizalan kashi 60 cikin 100 na kuɗin ƙira kawai ake buƙatar a kashe a can, a garin Prato na Italiya kuma dubban ƙananan kamfanonin ɗinki na 'yan Caina ke fitar da kaya da tambarin Italiya kuma a doka ba ƙarya suka yi ba.

Kenan a kayan lantarki zaɓin tsakanin mai suna da marar uba ne, kuma marar uba da lambobi yake ƙarya. Batirin nan dogo da ake kira 18650, na cikin tocila da fawa banki, ƙwararrun masu yinsa irinsu Panasonic da LG da Samsung iyakarsu wajen 3,500 mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka, sai kaga wani an buga masa 9,900 kuma ka ɗaga kaji shi sakayau. Haka filas da katin memori, an rubuta girman da babu, kana zuba hotuna yana share na baya baka sani ba sai ranar da ka nema. Ni dai gara mun ƙaramin kamfani da ya buga sunansa na gaskiya ya faɗi ƙaramar lamba, da jabun babban kamfani mai ƙyalli.

Tufafi da takalma nan ne abun ya cakuɗe. Yadi zaka iya gwada shi da zare ɗaya, ka zare ka ƙona, auduga warin takarda take ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Takalmi duba tafinsa, ɗinke yake ko gam kawai aka shafa, kuma "fatar" da ke ɓarewa kamar bawo bayan wata biyu leda ce aka shimfiɗa kan ƙyalle. Mai sana'ar gida da ke aiki da fatar gaske zai kada sabon marar uba ko da yaushe, amma a takalmin gudu ko na ƙwallo ba zai kamo manyan kamfanoni ba. Arahar rigar nan kuma akwai wanda ya biya ta, ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangladash a Afrilun 2013 ya kashe mutum 1,134, yawancinsu masu ɗinka wa kantunan Turai da Amurka kaya. Gwanjo mai kyau sau da yawa ya fi sabon marar uba ƙarko, shi yasa masaƙar gida ke shan matsa ta gefe biyu, Ruwanda ma da ta ƙara wa gwanjo haraji a 2016 don ta raya masu ɗinkinta, Amurka ta dakatar mata da rangwamen shigar da tufafi a 2018.

Tsohon na hannu kuwa ga yadda nake raba shi. In ƙarfe ne zalla mai aiki da hannu ko ƙaramin inji marar kwamfuta, keken ɗinki na ƙarfe, sifana, guduma, matsi na maƙera, ɗauki tsohon kai tsaye. In kuma abu ne mai shan wuta dare da rana kamar firji da na'urar sanyaya ɗaki, tsohon zai cinye ka a kuɗin wuta, firjin yanzu baya shan ko rabin abinda na shekarun 1970 ke sha, ga iskar gas ɗin da ke cikin da yawansu an hana yinta tun bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987. Duba kuma don wace ƙasa aka yi shi, na Amurka wuta mai ƙarfin volt 120 yake ci, na Japan 100, ka cusa shi a 230 ka ji ƙauri. A bayan firji akwai harafin yanayi, N iyakarsa zafin digiri 32, T har 43, mai zaune a ƙasa mai zafi ya ɗauko N don an ce daga Turai yake zai ga kwamfuresa na ta aiki ba hutu har ta gaji.

Ba kuma kullum araha ke zama asara ba. An ce araha bata ado, haka ne, amma takalmin yaron da ƙafarsa zata fi shi nan da wata shida, ko abin huda bango da zaka taɓa sau ɗaya a shekara, me zai sa ka sayi na magada? Raba kuɗin da shekarun da zaka mora, ka ƙara kuɗin zirga-zirgar gyara da ɓarnar da zai ja in ya mutu a tsakiyar aiki. Wanda aljihunsa bai kai ba kuma ba wauta ke sa shi sayen mai araha ba, shi shawarar da zan bashi ya zuba ɗan abinda yake dashi a gaɓar da ke ɗauke da haɗarin, fitila mai araha amma wayar mai kyau, waya mai araha amma cajar mai suna.

Saura maganar a sayi na gida don a raya ƙasa. Ina tare da ita amma da sharaɗi. A 2018 Amurka ta ɗora haraji kan injinan wanki na waje, kuɗinsu ya tashi da wajen kashi 12 cikin 100, harda injin busar da kaya da ba a taɓa ba shima ya bi sahu don tare ake sayensu, masu bincike suka lissafa ayyuka wajen 1,800 aka samu, kowanne ya ci wa masu saye sama da dala 800,000. Koriya ta Kudu zamanin shugaba Park Chung-hee ita ma ta kare kamfanoninta ta basu bashi mai sauƙi, saidai ta ɗaure su da cewa sai sun fita sun sayar a waje inda ba mai tausaya musu, wanda ya kasa a janye masa tallafi. Turai kuma ta bi ta kan doka, garantin shekara 2 dole ne ko daga ina kayan suka zo, kuma tun 2021 mai ƙera ko shigo da firji ko injin wanki sai ya tanadi kayan gyara na shekara 7 zuwa 10. Don haka in na gida ya yi kusa da na waje a inganci ko da ya ɗan fi tsada ɗauke shi, kana da ƙofar da zaka ƙwanƙwasa in ya baka matsala. Amma in ya baka matsalar ka je ka ƙwanƙwasa ɗin, ka mayar musu da kayansu, sayen tausayi ana shiru shi ya lalata su British Leyland.

Kafin ka je wajen mai sayarwa ma fara biyawa ta wajen mai gyara, shi bashi da kaya a kanta da yake son ya rabu dasu. Tambaye shi wane iri ne aka fi kawo masa, me ke fara mutuwa a ciki, ana samun safayarsa ko sai an yanka wani a ciro. Leƙa bayan shagonsa kaga tarin waɗanda masu su suka bari basu dawo ba, ka karanta sunayen da ke jiki. In ka isa wajen mai kaya kuma ce ya rubuta maka lambar samfurin da tsawon garanti a jikin rasit ya sa hannu, in ya fara kame-kame yana cewa haba ai wannan baya lalacewa, mayar da kuɗinka aljihu ka gwada shago na gaba.